Jan Layi a Littafin Kuɗi: Lamarin Wani Akawu a Sabon Garin Zariya

Wata ƙaramar makarantar firamare ce ta wata ikilisiya a Sabon Garin Zariya, irin wadda ake ginawa a bayan majami'a, azuzuwa shida da ofis ɗaya. Ba zan kama sunanta ba, ba kuma zan kama sunan kowa ba, don mutanen suna nan da ransu, wasunsu ma har gobe benci ɗaya suke zama ranar Lahadi. 'Ya'yan Kirista da 'ya'yan Musulmi ne ke karatu a cikinta, kamar yadda unguwar take a cakuɗe. Akawunta wani saurayi ne da bai kai shekara talatin ba. A ikilisiyar aka yi masa baftisma, shi ne kuma mai kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa. Zango uku ya yi yana tsakurar kuɗin makaranta da iyaye ke biya ta hannunsa. Da asiri ya tonu, sai abin da dattawa ke ji a wa'azi kowane mako ya zo ya tsaya musu a kan tebur: yaya ake gafarta wa wanda ya ci amana, me kuma za a sake damƙa masa bayan an gafarta?

Ni tsohon akawu ne, na yi ritaya daga aikin gwamnati. Ikilisiyoyi da ƙananan makarantu sukan kira ni in duba musu littattafan kuɗi, ta nan na shiga maganar, na kuma zauna a tarurrukan da aka yi a kanta.

Yadda kuɗin suka riƙa zurarewa

Duk wanda ya taɓa biyan kuɗi a ƙaramar makaranta ya san littafin rasit ɗin nan da masu injin bugu na Sabon Gari da Tudun Wada ke yi. Zariya dai garin takarda ce, tun da aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945 sana'ar ɗab'i ta zauna a garin. Kowace lamba a littafin tana da shafi biyu: fari a sama, shi ake yage wa mai biya, sai mai launi a ƙasa wanda ke zama a littafin. Tsakaninsu ake sa takardar kabon, shuɗiyar nan mai ɓata yatsu, don abin da biro ya rubuta a sama ya sauka a ƙasa ba ƙari ba ragi. Amincin tsarin gaba ɗaya a kan wannan siririyar takarda ya rataya.

Dabarar saurayin ba sabuwa ba ce a wurin masu aikinmu. In uwa ta kawo, a ce, naira 15,000, sai ya zare kabon ɗin ya cusa guntun kwali a ƙarƙashin farin shafin, ya rubuta mata 15,000 cif, ya buga tambari, ta tafi hankalinta kwance. Bayan an tashi sai ya mayar da kabon, ya ɗora wata 'yar takarda a kai, ya rubuta 10,000. Kwafin makaranta ya nuna da saura, sauran kuwa yana aljihunsa. Yakan zaɓi iyayen da ke biya kaɗan-kaɗan, waɗanda ba mai mamaki in an ga bashi a kansu, zango na gaba kuma ya toshe ramin wannan da kuɗin wancan. A babban littafin kuɗi, inda wani lokaci ya riga ya shigar da adadin gaskiya kafin zuciya ta raya masa, sai ya bi da Tipp-Ex, farin ruwan nan na shafe rubutu, ya shafe ya rubuta wani.

Wadda ta tona shi ba ta ma san ta yi ba. Wata mata ce Musulma, mijinta ya rasu ya bar ta da yara, tana tuyar ƙosai kusa da tashar jirgin ƙasa. A makon jarrabawa aka kori masu bashi. Akawun ya saba cire sunayen mutanensa daga jerin kafin a kai wa malamai, ranar kuwa ya tafi banki, sai shugabar makarantar, wadda kowa ke kira Mama, ta ɗauki littafin da kanta ta fitar da sunaye. A ciki har da 'yar mai ƙosai, 'yar aji huɗu. Aka kira sunanta a gaban 'yan ajinsu, ta ɗauki jakarta ta tafi gida tana kuka, jarrabawar ranar ta wuce ta.

Washegari da sassafe uwar ta zo. Ta kwance wata leda daga bakin zaninta, ta baje rasit-rasit a kan tebur, duk sun sha mai da hayaƙi amma ba wanda ya ɓata.

"Malama, ni ban yi boko ba," in ji ta. "Amma duk takardar da kuka ba ni ga ta nan. Ki duba mini wacce ce ban cika ba."

Mama ta duba, ba wadda ba ta cika ba.

Da aka kawo mini littattafan, fensir ne ya fara yi mini aiki. Kwalin da yake sawa ba kullum yake da kauri ba, shi kuma mutum ne mai danna biro. Na kwantar da bakin fensir ina shafa kwafin a hankali, sai ga sawun lambar farko yana fitowa fari a cikin duhun fensirin, 15 a ƙarƙashin 10. Babban littafin kuma taga kawai na nufa da shi. In ka ɗaga shafin da aka shafa wa Tipp-Ex ka saita shi da hasken rana, ka duba ta baya, tsohuwar lambar tana nan daram. Wata sakatariya ce a birnin Dallas na Amurka, Bette Nesmith Graham, ta ƙirƙiro irin wannan farin ruwa a shekarun 1950 don gyara kuskuren tafireta, Tipp-Ex kuma na Jamus ne. Don tuntuɓen yatsa aka yi shi. Rufewa yake yi, ba ya cirewa, kuma mai binciken kuɗi inda ya ga farin nan can yake fara zuwa.

Da na haɗa lissafi, abin da ya ɓace ya ɗan haura albashinsa na wata huɗu, daga hannun iyaye goma sha wani abu.

Bai yi musu ba. Yana shigowa ofis ya ga shafin da fensir ya baƙanta, sai ya durƙusa.

"Mama, ni ne. Kada a tuhumi kowa, ni kaɗai na yi."

Ya ce mahaifinsa ne ya kwanta a asibitin Shika, lokacin kuma makarantar ta yi wata biyu ba ta biya albashi ba. Wannan gaskiya ne, na gani a littafi. Albashin ma in an biya bai kai naira 30,000 da gwamnati ta tsayar a 2019 a matsayin mafi ƙarancin albashi ba. Sai dai an sallami tsohon tun a zangon farko, zurarar kuɗin kuwa ba ta tsaya ba. Na tambaye shi ina na sauran zango biyun suka tafi. Ya daɗe kansa a ƙasa kafin ya ce cacar ƙwallo ce ta waya. Ya fara ne da niyyar ya ci ya mayar da abin da ya ɗauka kafin a gane, sai cacar ta riƙa cinye wanda ya ɗauko don mayarwa. Na riƙe wannan amsa da muhimmanci, don da ya so sai ya ci gaba da fakewa da rashin lafiyar ubansa, ba kuma wanda zai iya ƙaryata shi a ranar.

Zaman dattawa

Abin da ya raba kan dattawan ba ko za a yafe ba ne. Kowa a ɗakin ya yi Addu'ar Ubangiji da safiyar ranar, ya roƙi a gafarta masa kamar yadda yake gafarta wa masu yi masa laifi. Rigimar a kan abin da yafewar za ta ƙunsa ce.

Ma'ajin ikilisiya, tsohon ma'aikacin reluwe, ya ce a kai shi wurin 'yan sanda. Dokar hukunta laifuka ta final kod, wadda Jihar Kaduna ta sabunta tata a 2017, ta san laifin cin amana daga akawu ko ma'aikaci, kuma ɗauri ne hukuncinsa. Kada mai karatu ya ɗauki Baba ma'aji a matsayin mai taurin zuciya. Mutum ne da ya ga yadda ake yi a wurare da yawa: a kama wani da kuɗin baiko, a yi addu'a a rufe ƙofa, a sallame shi da takardar yabo, ya je wata ikilisiyar ya sake. Ya ce shi ya yafe a zuciyarsa, amma kuɗin ba nasa ba ne, kuma Zakka, mai karɓar harajin nan na cikin Linjila, da ya tuba bai tsaya a hawaye ba, cewa ya yi zai mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu.

Wani dattijo haifaffen Wusasa, tsohuwar unguwar mishan da ke gefen Zariya, ya amsa masa. Mutanen Wusasa suna da wani irin ji game da wannan batu, su da kakanninsu suka yi sujada a majami'ar Bartalamawas ta ginin laka da aka gina a 1929, suka kuma karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa tun fitowarsa a 1932. Ya tuna wa ɗakin cewa Yakubu Gowon, wanda ya tashi a garinsu, da yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970 cewa ya yi babu wanda ya ci babu wanda aka ci. In an iya yin haka bayan an zubar da jini, in ji shi, yaya za mu kai ɗanmu gidan yari a kan albashin wata huɗu? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ya ƙara da cewa ɗauri ba zai dawo da ko sisin kwabo ba.

Fasto shi ne ya tafi can ƙarshe. Matashi ne mai tausayi, kuma yana son yaron. Ya karanta Matiyu 18, inda Bitrus ya tambaya ko sau bakwai ya isa, aka ce masa bakwai har sau saba'in. Ya bi da misalin bawan da aka yafe wa talanti dubu goma, ya fita ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa a kan dinari ɗari, wato ladan lebura na kwana ɗari a gefen bashin da mutum ba zai iya biya ba ko zai yi rai dubu. Ya kawo Ishaya 43:25, inda Allah ya ce shi ne mai shafe laifi, ba zai ƙara tunawa da shi ba. Shawararsa ita ce a aika kasuwa a sayo sabon littafin kuɗi, a kwafe komai daidai, a ƙona tsohon, ikilisiya ta cike giɓin daga asusunta, maganar kuma ta mutu a ɗakin.

A nan na nemi izinin magana, don wannan fagena ne. Abu na farko da ake koya wa akawu shi ne ba a goge littafin kuɗi, ba a kankare shi, ba a yage shafinsa. In lamba ta zama ba daidai ba, layi ɗaya ake ja a kanta da jan biro da rula, yadda har yanzu za a iya karanta ta, a rubuta ta gaskiya a samanta, wanda ya gyara ya sa hannu a gefe. Duk mai buɗe littafin zai ga abu uku: abin da aka rubuta da farko, cewa an soke shi, da wanda ya ɗauki nauyin sokewar. Na ce wa Fasto, da ladabi, sabon littafin da yake so mu saya shi ne Tipp-Ex ɗin yaron, sai dai namu ya fi girma.

Ni ba mai wa'azi ba ne, amma na ce musu abin da na gani a karatuna. Musun da Bitrus ya yi wa Ubangijinsa sau uku, Matiyu da Markus da Luka da Yahaya duk sun rubuta shi. Ikilisiyar farko, wadda Bitrus yake cikin shugabanninta, ba ta yage wannan shafi ba. A Yahaya 21 kuma Yesu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, kowace tambaya daidai da musu ɗaya, sannan ya damƙa masa tumakinsa. Bulus ma a Kolosiyawa 2:14, da yake maganar takardar bashin da ke kanmu, cewa ya yi an soke ta an kafa ta a kan gicciye, a fili, wani kuma ya biya. Allah ya ce ba zai ƙara tuna laifin ba, ma'ana ba zai sake tayar da shi don hukunci ba. Wannan alkawari mu ma za mu iya ɗauka. Amma mu ce abin bai faru ba, ƙarya ce, kuma akwai iyaye goma sha wani abu da littafinmu ya kira masu bashi alhali ba su ci bashin kowa ba.

Wadda ta juya zaman ita ce shugabar Zumuntar Mata, tsohuwa mai sayar da hatsi, wadda tun da aka fara ba ta ce uffan ba.

"Baba Fasto, ku dakata," in ji ta. "Tun ɗazu kuke cewa mun yafe, za mu yafe. 'Yar wanene aka kora a cikinku? Wa ya je ya tambayi mai ƙosai?"

Ɗakin ya yi tsit. A ganina wannan ce tambayar da ta fi kowace nauyi a lamarin, kuma mu maza, da ayoyinmu da dokokinmu, mun kusa tsallake ta. Maƙwabtanmu Musulmi sukan ce Allah ba ya yafe haƙƙin wani sai mai haƙƙin ya yafe. Mu ma muna da Matiyu 5:23-24: in ka kawo baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da magana a kanka, ajiye baikon, je ka shirya da shi tukuna. Ikilisiya tana iya yafe abin da aka yi mata. Ba ta da ikon yafe kukan yarinyar da ba tata ba.

Tsohuwar ba ta tsaya nan ba. Ta ce adashinta zai fito ƙarshen wata, a rubuta rabin bashin a kanta, kyauta ba rance ba, don ita ta yi goyon yaron nan lokacin da uwarsa ke zuwa kasuwa. Fasto ya ce abin da Bulus ya rubuta wa Filimon ke nan a kan bawansa Unisimas, in ya cuce ka ko kana binsa wani abu, ka sa a kaina. Baba ma'aji ya ce in haka ne to sauran rabin daga guminsa zai fito, a riƙa cire kashi ɗaya cikin huɗu na albashinsa har ya cika. Bai janye ra'ayinsa na 'yan sanda ba, ya dai ce a rubuta cewa shi bai yarda ba, amma zai bi abin da jama'a suka tsayar. Aka rubuta.

Kafin a tashi na ce akwai wani mai laifin da ba a kira ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutum ɗaya ne ke karɓar kuɗi, shi ke rubuta rasit, shi ke shigarwa a littafi, shi ke kai wa banki, ba mai ƙirga bayansa, sannan a bar shi wata biyu ba albashi da tsabar kuɗi a durowa. Wannan bai wanke shi ba, malaman makarantar ma ba a biya su ba kuma ba su taɓa komai ba. Amma kwamitin makarantar ya ɗauki nasa rabon. Aka daina karɓar kuɗi a hannu, aka koma biya ta banki da tiransifa, abin da bai yi wuya ba tunda ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya riga ya koya wa har masu talla amfani da POS. Aka kuma tsayar cewa albashi ne farkon abin da za a riƙa fitarwa.

Gida-gida

Saurayin da Mama da dattijon Wusasa suka bi iyayen ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu ba su ma san an taɓa nasu ba, tunda rasit ɗinsu daidai yake. Wasu suka ce Allah ya kyauta gaba. Wani uba ya saurara har ƙarshe, ya ce ya ji, zango na gaba ya kwashe 'ya'yansa uku ya kai wata makaranta. Ba wanda ya ga laifinsa. Da an bi shawarar ƙona littafi da ba a rasa waɗannan yara ba, kuma makarantar ta ji rashin kuɗinsu sosai. Ina faɗin wannan ne don kada a ɗauka hanyar da aka bi ba ta da tsada.

Gidan mai ƙosai aka bari a ƙarshe. Ya durƙusa a tsakar gida ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ba ragi. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ɗan nan, ba kuɗin ne suka ƙona mini rai ba," in ji ta. "Tun da ubanta ya rasu ban taɓa bari an kore ta ba, ko da za mu kwana ba mu ci ba. Rannan ta dawo ta ce mini, Inna, ashe ba ki biya ba? Ka sa 'yata ta yi mini kallon maƙaryaciya. Tashi ka je, sai na neme ka."

Ba ta yafe ba a ranar, Mama kuma ta yi hikima da ba ta matsa mata ba. Bayan kamar mako guda ta zo makarantar da kanta, ta ce abu ɗaya take so: inda aka kira sunan 'yarta a nan za a wanke ta. Washegari Mama ta shiga aji huɗu ta ce wa yara makaranta ce ta yi kuskure, mahaifiyar wance ta biya kuɗinta tsaf tun farkon zango, ta kuma ba yarinyar haƙuri a gabansu. Aka sake mata jarrabawar da ta rasa. Sannan uwar ta sa aka kira saurayin ta ce masa, "Na yafe maka duniya da lahira. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Gyaran littafin mu huɗu muka yi, ni da Mama da Baba ma'aji da shi, kuma shi aka ba jan biron. Shafi bayan shafi, duk inda farin nan yake, ya ɗora rula ya ja layi a kan lambar ƙarya, ya rubuta ta gaskiya a sama, ya sa hannu, Baba ma'aji ya sa nasa a ƙarƙashi. Hannunsa na rawa har layin farko ya karkace. Ba wanda ya yi masa faɗa, ba kuma wanda ya ce masa ba komai. Aikin ya ci yini guda. A shafin ƙarshe aka buɗe masa nasa lissafin, aka shigar da rabin da tsohuwa ta biya, aka bar sauran layuka suna jiran wata-wata.

Ikilisiya ta sa shi a horo wata shida: bencin baya, ba ganga, ba Jibin Ubangiji. An sanar a taƙaice cewa ya ci amana a wurin aiki, ya tuba, yana kuma biya. Ina da damuwa a kan yadda muke horo a ikilisiyoyinmu, don sau da yawa yarinyar da ciki ya tona ce ke zama a bencin baya, mai cin kuɗi kuwa yana gaba da babbar riga. A wannan karon dai an yi daidai, kuma dattijon Wusasa yakan bar kujerarsa ya je ya zauna kusa da shi.

Abin da aka sake damƙa masa

Ba a kore shi ba, ba a kuma mayar masa da littafin rasit ba. Sito aka ba shi: alli, biro, rajistar aji, tawadar firinta, rim-rim na takarda. Kaya ne masu daraja amma ba kuɗi ba, ana kuma iya ƙirga su. Kowane kaya da katinsa, mai ɗauka ya sa hannu, ƙarshen wata Baba ma'aji ya zo su ƙirga tare. Wasu matasan ikilisiya sun ce wannan ba gafara ba ce, in an yafe a mayar da shi kujerarsa. Ban yarda da su ba. Gafara a yini ɗaya ake bayar da ita, an kuma bayar. Amana kuwa sai an ga mutum a kan aiki. Bulus da kansa ya ƙi tafiya da Markus bayan ya gudu ya bar su, har suka rabu da Barnaba a kan haka, sai bayan shekaru ya rubuta wa Timoti cewa ya zo da Markus don yana da amfani a gare shi. Ban da haka, mai fama da caca ka ajiye masa tsabar kuɗi a durowa, ba ƙauna ka nuna masa ba. Shi da kansa ya sayar da babbar wayarsa ya koma ƙaramar da ba ta shiga intanet. Sau ɗaya ya ari wayar aboki ya buga, da kuɗinsa, ya kuma je ya gaya wa dattijon Wusasa kafin kowa ya sani.

A zango na biyu da shigarsa sito aka nemi rim biyu na takarda aka rasa, ana gab da buga tambayoyin jarrabawa. Rim ɗaya takarda 500 ne, kuma ba arha yake ba. Ba wanda ya furta, amma duk ido ya koma kansa, ɗakin malamai ya yi shiru da ya shigo. Bai yi rantsuwa ba, katin kawai ya ɗauko. Ga kwanan wata, ga rim biyu, ga sa hannun wani malami da ya karɓa ranar Asabar don ya kai wurin fotokwafi ya manta bai faɗa wa Mama ba. Malamin ya ba shi haƙuri a gaban kowa. Da a ce an koya masa cewa rahama ita ce a ɓatar da takarda, da ranar ba shi da abin da zai kare kansa da shi.

Ya gama biyan nasa rabin. Ranar Baba ma'aji da kansa ya buga tambarin an biya a ƙasan shafin, shi kuma ya riga ya koma kan gangarsa.

Matsalar da ta fi ba mu wuya daga baya ta zo. Ya samu labarin aikin akawu a wani kanti mai albashi mafi kyau, ya roƙi Mama takardar shaida. Me za a rubuta? In an yi shiru, an yi abin da Baba ma'aji ya ji tsoro tun farko, an tura wa wani abin da bai sani ba. In an zayyana komai, an tayar da laifin da aka yi alkawarin ba za a sake tayarwa ba. Mun daɗe a kai. Abin da aka tsayar shi ne Mama ta rubuta gaskiyar abin da ta gani a aikinsa na sito, ta ce ya taɓa riƙe kuɗi an kuma canza masa aiki, ta bar lambarta ga mai son ƙarin bayani, shi kuma ya faɗi dalilin da bakinsa in ya je ganawa. Ya faɗa. Mai kantin ya gode masa, bai ɗauke shi ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya yi mako biyu ba ya haɗa ido da Mama, ni ma har yau in na tuna sai in ji nauyinsa. Amma ban ga wata takardar da za mu iya sa wa hannu ba in ba wannan ba.

Yana nan a siton. A zaman kwamiti na farkon zango mai zuwa za a duba ko a ba shi 'yan kuɗin sayayyar yau da kullum na ofis, adadi ƙayyadadde, da rasit a kan kowane abu da sa hannun mutum biyu. Baba ma'aji ya ce shi bai gama yanke shawara ba. In an tambaye ni, zan ce a ba shi.